Dara, dam da lido: Yadda ƙirƙirarriyar basira ke yanke shawara a wasa

A Figil, garin siminti da ke kan babbar hanyar Garwa zuwa Marwa a arewacin Kamaru, ba a rasa masu jira: direban da ke jiran lodi, ɗan acaɓan da ke jiran fasinja, mai shagon da ke jiran la'asar ta yi sanyi. A da, dara da dam da karta ne ke cinye irin wannan lokaci. Yanzu da yawa daga cikin waɗannan wasanni sun koma cikin waya, kuma abokin karawar ba mutum ba ne, manhaja ce.

Daga nan ne gardama ke tashi. Wani ya ce wayar tana ha'inci. Wani ya ce tana karanta zuciyar mai wasa. Wani kuma ya ce tun da na'ura ta fi ɗan Adam iya wasa, to za ta iya faɗa masa lambar da za ta fito a caca. Wannan magana ta ƙarshe ita ce mafi haɗari, domin kuɗin mutane take ci.

To yaya ƙirƙirarriyar basira, wadda ake taƙaitawa da AI a Turanci, IA kuma a Faransanci, take zaɓen takun da za ta yi? Kuma ina iyakarta?

Komai yana farawa da bishiya

A ɗauki dara irin wadda ake yi a ƙasar Hausa da ta Zabarmawa. Ana tona gida 30 a ƙasa, layi 5 mai gida shida-shida. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, wani ya riƙe duwatsu, wani 'yan karare. Da farko ana dasa su ɗaya bayan ɗaya, sannan a fara matsawa. Wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa guda.

Mai farawa yana da zaɓi 30. Duk gidan da ya zaɓa, abokinsa yana da 29. Ke nan taku biyu kacal sun haifar da hanyoyi 870. Idan kowa ya dasa biyu-biyu, hanyoyin sun kai 657,720. Idan aka kai uku-uku, sun haura miliyan 400.

Masana kwamfuta suna kiran wannan bishiyar wasa. Gindinta shi ne fili kafin a taɓa komai, kowane taku reshe ne, kowane reshe kuma yana sake rabuwa. Ganyen ƙarshe su ne inda wasa ya ƙare: an ci, an sha kashi, ko an yi canjaras. Duk abin da na'ura ke yi a irin wannan wasa bai wuce hawa wannan bishiya tana neman reshe mafi kyau ba.

Matsalar ita ce girman bishiyar. A 1950, masanin lissafi ɗan Amurka Claude Shannon ya ƙiyasta cewa wasannin da za a iya bugawa a darar Turawa, wato ces, sun kai lamba 1 da sifili 120 a bayanta. Babu kwamfutar da za ta ƙirga wannan, ko ta shekara biliyoyi tana aiki. Saboda haka duk dabarun da aka ƙirƙiro tun daga lokacin amsa ce ga tambaya ɗaya: yaya za a zaɓi taku mai kyau ba tare da an ga ƙarshen bishiyar ba?

Ka ɗauka abokin karawarka ba wawa ba ne

Dabara ta farko ana kiranta minimaks, kuma tushenta na komawa ga aikin da John von Neumann ya wallafa a 1928. Ma'anarta a sauƙaƙe ita ce: na'ura tana ɗauka cewa duk abin da ta yi, abokin karawarta zai mayar da martani mafi muni gare ta. Don haka ba ta zaɓen takun da ya fi daɗi idan an yi sa'a, tana zaɓen wanda mafi munin sakamakonsa ya fi na saura dama-dama.

Ga misali. A ce na'ura na da taku uku a gabanta, kuma tana auna sakamako da yawan 'ya'yan da za ta fi abokinta da su.

A taku na farko, idan abokin ya yi sakaci za ta fi shi da uku, amma idan ya lura da wata kafa zai fi ta da biyu. Na'ura ba ta sa ran sakaci. Ta rubuta wa wannan taku hasarar biyu.

A taku na biyu, ko dai ta fi shi da ɗaya, ko su tsaya daidai. Mafi muni shi ne daidai. Ta rubuta sifili.

A taku na uku, martanin farko da ta duba ya nuna za ta yi hasarar ɗaya. A nan sai ta tsaya. Ba ta buƙatar duba sauran martanin, domin ta riga ta san wannan taku ya kasa na biyu. Ko akwai wani martanin da ya fi wannan muni, ko babu, ba za ta bi ta nan ba. Taku na biyu za ta yi.

Wannan tsayawar ita ake kira sassaben alfa-beta. Kamar mai sayen gyaɗa ne a kasuwa: ya riga ya sami buhu mai kyau ya ajiye a gefe, sai ya zura hannu a buhu na gaba ya ɗebo ruɓaɓɓiya. Ba sai ya zazzage buhun duka ba kafin ya wuce. Donald Knuth da Ronald Moore sun nuna a 1975 cewa idan na'ura tana fara duba takun da suka fi kyau, wannan sassabe na iya ba ta damar hango nisan da ya kusa ninka wanda za ta hango ba tare da shi ba, a cikin lokaci ɗaya.

Idan ba a ga ƙarshe ba, sai a yi kiyasi

Ko da sassabe, na'ura ba ta kaiwa ƙarshen wasa. Tana leƙawa taku shida, ko goma, ko ashirin, sannan dole ta tsaya ta tambayi kanta: wa ke gaba a nan?

Amsar tana fitowa ne daga ma'aunin da aka gina mata. A wasan dam, wanda a Kamaru aka fi sani da damier, a Najeriya kuma draft, ma'aunin zai ƙirga yawan 'ya'yan kowa, ya ba sarki maki fiye da talakan ɗa, ya ƙara maki ga wanda ya riƙe tsakiyar allo, ya rage wa wanda layinsa na baya ya buɗe. A haɗa duka a sami lamba guda. Wannan lamba ce na'ura ke kwatantawa tsakanin reshe da reshe.

Da haɗin waɗannan abubuwa uku, wato bishiya, sassabe da ma'auni, kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke gwarzon ces na duniya Garry Kasparov a birnin New York a watan Mayun 1997, da maki uku da rabi, shi kuma biyu da rabi. Tana duba yanayin allo kimanin miliyan 200 a kowace daƙiƙa, kuma gwanayen ces ne suka taimaka aka daidaita ma'auninta.

Sai dai wannan hanya tana da makanta. Na'urar da ke hango taku huɗu ba ta ganin ramin da ke taku na biyar. Duk gwanin dam ya san wannan tarko: tun da ci dole ne a dokar wasan, sai ya miƙa ɗa guda, ya ƙara miƙa na biyu, abokin ya ci yana murna, sannan a dawo a share masa huɗu a tashi ɗaya. Manhajar da hangenta gajere ne tana faɗawa irin wannan rami kamar ɗan koyo.

Wannan ne ma sirrin matakan wahala da ake gani a wasannin waya. A mataki mai sauƙi, masu manhaja sukan taƙaita mata nisan hange, ko su sa ta riƙa zaɓen taku maras kyau lokaci-lokaci da gangan. A mataki mai wuya sai a sake mata linzami. Ba ƙwaƙwalwa biyu ba ce, ɗaya ce aka ɗaure aka kwance.

Gwanayen Afirka da na'ura

Dam mai gida 100, wanda kowane ɓangare ke farawa da 'ya'ya 20, wasa ne da Afirka ta yi suna a cikinsa. Baba Sy na Senegal, wanda ya rasu a 1978, an amince da shi a matsayin gwarzon duniya bayan rasuwarsa. Ɗan Kamaru Jean Marc Ndjofang ya zama gwarzon Afirka, ya zo na biyu a gasar duniya ta 2013, sannan ya kara da Alexander Georgiev na Rasha a wasan neman kambun duniya a 2015.

A wannan fage ma na'ura ta shigo. A 2003 manhajar Buggy ta doke N'Diaga Samb na Senegal, ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan duniya a lokacin. Amma a 2012 Alexander Schwarzman na Rasha ya rinjayi manhajar Maximus a karawar wasa shida: ya ci ɗaya, biyar suka tashi kunnen doki.

Akwai kuma wasannin da aka kai ƙarshensu baki ɗaya. Awale, wasan gida 12 da ƙwaya 48 da ake yi daga Kodebuwa da Gana har zuwa Najeriya, ɗan uwan songo na kudancin Kamaru, yana cikinsu. A 2002, John Romein da Henri Bal na wata jami'a a Amsterdam sun sa kwamfuta ta lissafa yanayi 889,063,398,406 na wani nau'insa cikin sa'o'i 51. Ba daga farko suka fara ba, daga ƙarshe suka faro: suka warware yanayin da ƙwaya kaɗan ta rage, suka yi amfani da amsar wajen warware mai ƙwaya ɗaya fiye da haka, a haka har suka iso farkon wasa. Sakamakon shi ne, idan duka biyun ba su yi kuskure ba, canjaras za a tashi.

Haka Jonathan Schaeffer na Jami'ar Alberta a Kanada ya yi wa ƙaramin dam mai gida 64. Ya fara aikin a 1989, ya sanar da kammalawa a 2007. Nan ma amsar canjaras ce. Darasin a nan shi ne, a irin waɗannan wasanni ba a cin mutum sai ya yi kuskure. Na'ura ba ta da asiri, kuskurenta ne ya yi ƙaranci.

Lokacin da ƙirga ya gaza

Wasan Go, wanda ya samo asali a Sin, shi ne ya daɗe yana gagarar wannan hanya. Allonsa yana da mahaɗa 361. Idan ɗan ces yana da zaɓi kusan 35 a kowane taku, ɗan Go yana da kusan 250. Ƙari a kan haka, babu wanda ya iya rubuta ma'auni mai kyau da zai ce wa ke gaba.

A 2006 wani Bafaranshe mai suna Rémi Coulom ya fito da dabarar da ya kira binciken bishiya na Monte Carlo. Maimakon na'ura ta auna allo, sai ta ƙarasa wasan a cikin kanta da taku na kan-mai-uwa-da-wabi har zuwa ƙarshe, ta ga wa ya ci. Sau ɗaya ba ya nuna komai. Amma idan ta yi haka sau dubu goma, takun da ya fi yawan kaiwa ga nasara zai fara bayyana.

Wahalar ita ce rabon lokaci. Shin ta ci gaba da gwada takun da ya nuna alamar kyau, ko ta leƙa wanda ba ta gwada sosai ba? Manomin masakwa a arewacin Kamaru ya san wannan tambaya. Yawancin gonarsa yana ba irin da ya sani, amma yakan bar 'yan kunya ga sabon iri, domin wataƙila shi ne ya fi. Idan ya ba sabon duka gona yana iya kwana da yunwa, idan kuma bai taɓa gwada shi ba, ba zai san abin da ya rasa ba. A shekarar 2006 ɗin, Levente Kocsis da Csaba Szepesvári suka wallafa lissafin da ke daidaita wannan rabo, kuma shi manhajoji da yawa ke amfani da shi har yau.

Na'urar da ke koya wa kanta

Tunanin na'ura ta koyi wasa da kanta ba sabo ba ne. Tun a 1959 Arthur Samuel na IBM ya bayyana manhajar dam da ke karawa da kanta tana gyara ma'auninta. Abin da ya rage shi ne ƙarfin kwamfuta.

Kamfanin DeepMind na Landan ya haɗa binciken Monte Carlo da wata ragar lissafi mai kwaikwayon yadda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke haɗuwa, ya samar da AlphaGo. Raga biyu ke aiki a cikinta. Ɗaya tana duba allo ta ce ga 'yan takun da suka cancanci a bincika, sai faɗin bishiya ya ragu. Ɗayar tana duba allo ta ce ga yiwuwar nasara daga nan, sai tsawon bishiya ya ragu. An fara horar da ita da yanayin allo kimanin miliyan 30 daga wasannin mutane, sannan aka bar ta tana karawa da kanta.

A watan Maris na 2016, a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, AlphaGo ta doke gwarzo Lee Sedol da ci 4 da 1. Taku na 37 a wasa na biyu ya ba masu sharhi mamaki, wasu suka ɗauka kuskure ne. Ita kanta manhajar ta ƙiyasta cewa yiwuwar ɗan Adam ya yi wannan taku ɗaya ce cikin 10,000. Amma da ta bincika reshen, ta ga nan ne nasara ta fi yawa, sai ta bi.

A 2017 aka fito da AlphaGo Zero, wadda ba a nuna mata wasan mutum ko ɗaya ba, dokoki kawai aka ba ta. Ta fara da shirme, tana ajiye duwatsu ko'ina. Duk wasan da ta ci, sai a ƙarfafa takun da suka kai ta. Duk wanda ta faɗi, a raunana su. Bayan kwana uku da wasa miliyan 4.9, ta doke wadda ta ci Lee Sedol da ci 100 ba ko ɗaya. Ƙanwarta AlphaZero ta yi haka a ces, inda ta rinjayi manhajar Stockfish alhali tana duba yanayi kimanin dubu 60 a daƙiƙa, ita kuwa Stockfish kimanin miliyan 60. Ba yawan dubawa ba ne ya ba ta nasara, sanin inda za ta duba ne.

Lido: inda sa'a ta shigo

A dara da dam komai a fili yake. A lido kuwa akwai ɗan jefawa mai fuska shida, kuma babu wanda ya san abin da zai fito. A nan na'ura ba ta cewa mene ne mafi muni, tana cewa mene ne matsakaici. Tana ɗaukar kowace lamba daga 1 zuwa 6, ta auna abin da zai faru idan ita ta fito, ta haɗa ta raba shida.

Misali, idan ta ajiye ɗanta gida huɗu a gaban ɗan abokin gaba, yiwuwar a cinye shi a jifa na gaba ɗaya ce cikin shida. Idan 'ya'yan abokan gaba biyu ne a baya, kowanne da tazararsa daban, haɗarin ya kusa ninkawa. Sai ta kwatanta wannan da ribar matsawa gaba. Tana iya yin zaɓi mafi kyau kuma ta sha kashi, domin lissafi yana inganta zaɓi ne, ba ya juya ɗan jefawa.

Shin wayar na ha'inci? A manhaja mai gaskiya, lambobin suna fitowa ne daga wani sashe dabam da ke samar da su ba tsari, kuma sashen da ke zaɓen taku ba ya ganinsu kafin su fito. Mai rubuta manhaja yana da ikon karkatar da su idan ya so, amma wasa biyar ko goma ba su isa hujja ba. Shida sau biyu a jere tana fitowa sau ɗaya cikin 36, sau uku a jere kuma sau ɗaya cikin 216. Wanda ke jefawa ɗaruruwa a yini zai gan su. Kuma mutum ya fi tuna shidar da aka cinye shi da ita fiye da wadda shi ya samu. Mai son tabbatarwa sai ya ɗauki takarda ya rubuta jifa ɗari shida na kowane ɓangare, ya ƙirga.

Karta: abin da ke ɓoye a hannu

A karta akwai wata matsalar: ba a ganin hannun abokin wasa. A nan, duk wanda ke da tsari ɗaya tak za a gano shi. Ɗan ƙwallon da kullum yake buga fenariti ɓangaren dama, ko a filin Roumdé Adjia na Garwa ko a wani wuri, mai tsaron gida zai jira shi a can. Dole ya riƙa cakuɗawa.

Haka na'ura ke yi. Tana karawa da kanta sau biliyoyi, bayan kowane zagaye tana lissafa abin da masana ke kira nadama, wato nawa za ta samu da ta yi wani abu dabam. Zaɓin da ta fi nadamar barinsa sai ta ƙara yawan yinsa. A ƙarshe ba ta fitowa da taku guda, tana fitowa da rabo: a irin wannan hali, yi kaza sau bakwai cikin goma, yi kaza sau uku. A watan Janairun 2017, manhajar Libratus ta Jami'ar Carnegie Mellon ta doke ƙwararrun 'yan kartar foka huɗu a birnin Pittsburgh, bayan hannu 120,000 cikin kwana 20. Har burga take yi, tana nuna ƙarfi da hannu maras kyau, ba don ta san ƙarya ba, sai don lissafi ya nuna cewa wanda ba ya burga ko kaɗan ana saurin karanta shi.

Abin da na'ura ba za ta iya ba

Nan ne maganar ta shafi aljihu. A shafukan sada zumunta ana tallar manhajoji da ake cewa suna amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen faɗin lambar da za ta fito a wasannin caca na waya. Duk bayanin da ya gabata yana nuna dalilin da ya sa wannan ba ya yiwuwa.

Na'ura tana cin dara ne domin taku yana da sakamako, kuma abin da ya faru yanzu yana da alaƙa da abin da zai biyo baya. A cacar lamba babu wannan alaƙa. Idan kowane zagaye zaman kansa yake yi, zagaye dubu da suka wuce ba su ɗauke da labarin na gaba. Babu bishiyar da za a hau, babu abin da za a koya.

Abin da ke akwai shi ne lissafin mai gida. A faifan caca mai lamba 37, wanda ya dace ana ba shi ninki 35 a kan abin da ya zuba. Wannan ɗan bambanci yana nufin a duk CFA 1,000 da aka zuba, kimanin 27 na komawa ga mai gida idan aka daɗe ana yi. A cacar ƙwallo, idan abu biyu suna da yiwuwa daidai, adalci shi ne a biya ninki 2. Idan aka biya 1.90, to duk jaka ɗaya da aka zuba, matsakaicin abin da ke dawowa 950 ne. Ba a buƙatar ha'inci, yawan wasa kawai ake buƙata. Kuma wanda da gaske ya mallaki na'urar da ta san lambar gobe, ba zai sayar da ita a kan jaka biyu ba.

Ko a wasannin basira, na'ura ba ta da tabbas ɗari bisa ɗari. Lee Sedol ya ci wasa na huɗu ne da taku na 78, wanda AlphaGo ba ta zata ba, daga nan ta rikice. A 2023, wani Ba'amurke mai suna Kellin Pelrine, wanda ba ƙwararre ba ne, ya ci wasa 14 cikin 15 a kan ɗaya daga cikin manhajojin Go mafi ƙarfi, ta hanyar wata dabarar kewaye da ɗan wasa mai matsakaicin ƙwarewa zai gane, amma manhajar ba ta saba gani ba a horonta. Manhajojin hira irin su ChatGPT kuwa wani gini ne dabam: kalma suke hasashe, ba bishiyar wasa suke bincike ba, shi ya sa a wasu lokuta sukan yi takun da doka ta hana.

Me ya sa abin ya wuce wasa

Masana sun zaɓi wasanni ne domin dokokinsu a fili suke, kuma ana sanin wanda ya ci. Dabarun da aka gwada a can sun bazu zuwa wasu fagage. Demis Hassabis, shugaban DeepMind da ya jagoranci aikin AlphaGo, yana cikin waɗanda suka sami lambar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2024, saboda manhajar AlphaFold mai hasashen siffar sinadaran furotin.

Sai dai rayuwa ba allon dara ba ce. Na'ura tana neman makin da aka ce ta nema ne kawai. Idan aka sa ta tantance wanda za a ba rance ko wanda za a ɗauka aiki, tambayar farko ita ce wa ya rubuta ma'aunin, kuma me ya ƙirga a matsayin nasara.

Akwai kuma abin da ya rage a hannun mutanen yankin. Na'ura ba ta koyon wasan da ba a rubuta dokokinsa ba, kuma dokokin dara sukan ɗan bambanta daga gari zuwa gari: ko ana cin ɗan da ke cikin jerin uku, ko jerin huɗu yana da hukunci, ko a wane lokaci ake cewa wasa ya ƙare. Dattawan da suka san waɗannan bambance-bambance suna nan a Figil, Gidar da Garwa, kamar yadda suke a Maraɗi da Sakkwato. Manhajar dara mai amfani da minimaks da sassaben alfa-beta aiki ne da ɗalibin kwamfuta a jami'ar Ngaundare, Marwa ko Garwa zai iya yi da ƙaramar kwamfutarsa. Amma kafin ya rubuta layi ɗaya, sai ya je ya zauna a gindin bishiya, ya gaida masu wasa, ya roƙi a koya masa.